Yadda Ake Auna Taurin Waya da Sifirin da Kayan Hannu

In ka ja roba ka sake ta, da idonka za ka ga ta miƙe ta dawo. In wayar ƙarfe ce ka ja, sai ka rantse ba ta motsa ba. Ta motsa, miƙewar ce ta yi wa ido ƙanƙanta. Aikinmu a nan shi ne mu kama wannan 'yar miƙewa da ma'auni, mu fitar da lamba daga cikinta, irin lambar da injiniya ke dubawa kafin ya yanke kaurin rodin gini ko igiyar ɗaga kaya. Na yi wannan gwaji sau da dama, ni kaɗai da kuma tare da masu koyo, kuma kurakuran da ke ɓata shi kusan kullum su ne dai ba sa canzawa. Zan nuna maka su a inda suke ɓuya.

Kayan da za ka tanada

Ƙaramin sifirin mai laushi, irin wanda yatsa biyu ke iya buɗewa. In ka samu biyu iri ɗaya ya fi. Robar ɗaure kuɗi guda ɗaya ko biyu. Siririyar wayar jan ƙarfe mai kaurin kusan milimita 0.3, tsawonta aƙalla mita 6, domin mita 3 da ɗoriya za su tafi a gwaji, sauran kuma na auna kauri ne. Rula mai zanen milimita da tef na awo. Fuli, wato ɗan gargare mai tsagi da ke juyawa ba tare da cijewa ba. Guntayen katako biyu masu santsi da abin matse katako na kafinta. Salatif, zare, tsinke ko siririyar sanda mai tsawon santimita 20 zuwa 25, fensir, takardar giraf da kalkuleta.

Nauyi kuma, in kana da duwatsun awo na giram 50 da 100, to madalla. In babu, kada ka damu: gorar roba mara komai da sirinji sun wadatar, domin mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne. Ni na ma fi son ruwan, saboda a hankali yake shiga, ba ya fizgar waya yadda dutsen awo ke yi in hannu ya sake shi da gaggawa.

Na ƙarshe, kuma ba na wasa ba ne: tabarau na kariya, da kwali cike da tsumma wanda za ka ajiye a ƙarƙashin nauyin. Waya in ta tsinke takan yi bulala, kuma ba ta san ido ba. Ƙafarka ma kada ta zauna a ƙarƙashin abin da ka rataya.

1. Fara da sifirin

Ka rataye sifirin a ƙusa mai ƙarfi, ka tsayar da rula a gefensa, ka manne ta yadda ba za ta gusa ba. A ƙasan sifirin ka liƙa guntun tsinke a kwance ya riƙa nuna zanen rula. Rubuta inda tsinken yake kafin ka ɗora komai. Daga nan sai ka riƙa ƙara giram 50, kana rubuta sabon wurin da ya tsaya, har sau biyar ko shida. Duk lokacin da za ka karanta, ka durƙusa idonka ya yi daidai da tsinken. Wanda ya karanta daga sama ko daga ƙasa, milimita ɗaya ko biyu sun tafi bai sani ba.

Giram awon yawan abu ne, mu kuwa ƙarfin ja muke nema, wanda ake aunawa da niyuton. Ka mayar da giram zuwa kilogiram, ka ninka da 9.81. Giram 50 zai ba ka niyuton 0.49, giram 100 kuma 0.98.

Yanzu ka zana giraf: ƙarfin ja a tsaye, ƙarin tsawo a kwance. Ɗigogin za su jeru a miƙaƙƙen layi. Abin da Robert Hooke, masanin nan na Ingila, ya wallafa ke nan a 1678, bayan ya ɓoye shi cikin hargitsattsun haruffa shekara biyu kafin nan don kada wani ya riga shi: gwargwadon ja, gwargwadon miƙewa. A rubuce F = k × x, inda F ke nufin ƙarfin ja, x ƙarin tsawo, k kuma taurin sifirin. A ce kowane giram 50 yana ƙara santimita 2. Sai ka raba 0.49 da 0.02, ka samu k kusan niyuton 25 a kowace mita.

Kada ka firgita in layin bai bi ta sifili ba. Sifirin da yawa an naɗe su ne a matse, zobe na manne da zobe, sai an ɗan ɗora musu nauyi kafin su fara buɗewa. Ka bar ɗigon farko, ka yi lissafi da hawan layin, wato bambancin ƙarfin ja a raba da bambancin ƙarin tsawo tsakanin wurare biyu a kansa, daga inda ya miƙe.

2. Haɗa sifirin biyu, ka ga inda k ya gaza

Wannan matakin gajere ne, amma kada ka tsallake shi. Ka maƙala sifirin na biyu a ƙasan na farko, ka ɗora nauyin ɗazu. Ƙarin tsawon zai ninka, wato k ya koma rabi. Ka kwance, ka jera su kafaɗa da kafaɗa su ɗauki nauyin tare. Ƙarin tsawon zai koma rabi, k ya ninka.

Ƙarfen bai canza ba, lambar ce ta canza. Ashe k labarin abin da aka ƙera yake bayarwa, da tsawonsa da kaurinsa, bai ce komai a kan ƙarfen kansa ba. Waya ma haka take: doguwa ta fi gajeriya miƙewa, siririya ta fi kakkaura. In muna son lambar da ta zama ta jan ƙarfe ce ko ta baƙin ƙarfe, ko da wane irin tsawo ko kauri aka zo da shi, sai mun cire tsawo da kauri daga lissafi. Da abu biyu ake yin haka.

Na farko zan kira shi takura, wanda littattafan kimiyya ke ce wa sitires. Shi ne ƙarfin ja a raba da faɗin fuskar waya, wato fuskar da za ka gani in ka datse ta. In ka yi aiki da niyuton da murabba'in milimita, amsar za ta fito kai tsaye a megafaskal, wato sunan awon takura, ba sai ka sha wahalar sifili ba.

Na biyu miƙuwa, wanda suke ce wa sitiren. Shi ne ƙarin tsawo a raba da tsawon asali. Tsawo ne a kan tsawo, don haka ba shi da sunan awo, lamba ce tsura.

In ka raba takura da miƙuwa, abin da ya fito shi ne ma'aunin Young, da sunan Thomas Young wanda ya bayyana shi a 1807, ana kuma rubuta shi da harafin E. Na baƙin ƙarfe kusan gigafaskal 200 ne, na jan ƙarfe tsakanin 110 da 130, na alminiyam kusan 70. Gigafaskal ɗaya megafaskal 1,000 ne. Iyakar abin da kake buƙata daga littafi ke nan.

3. Gwada roba kafin ka taɓa waya

Cire sifirin, sa robar ɗaure kuɗi a wurinsa. Ƙara nauyi kamar ɗazu, amma wannan karon in ka kai ƙarshe, ka riƙa ragewa ɗaya bayan ɗaya kana rubutawa. Abu biyu za ka gani. Layin ba miƙaƙƙe ba ne: da farko ta ɗan cije, a tsakiya ta saki jiki, can gaba ta sake tauri. Sannan hanyar dawowa daban take da ta zuwa, domin a nauyi ɗaya robar ta fi tsawo lokacin saukewa. Filin da ke tsakanin layukan biyu ƙarfi ne da ya zama zafi. In kana shakka, ka ja roba da sauri ka ɗora ta a leɓenka, za ka ji ɗumi.

Na sa wannan matakin ne don ka san dokar Hooke ba ta hau kan kowa ba. Abu yana iya dawowa tsawonsa ba tare da ya bi miƙaƙƙen layi ba.

4. Auna kaurin waya

A nan gizo ke saƙa. Mutane kan ɓata awa guda suna kallon miƙewa, su ba wa kauri minti ɗaya, alhali kaurin ne ke kashe sakamako. Dalili kuwa, faɗin fuskar waya yana fitowa ne daga kauri ninki kansa: ka ninka kauri da kauri, sannan da 0.785. Waya mai milimita 0.30 tana da faɗin murabba'in milimita 0.0707. In ka yi kuskure ka rubuta 0.32, faɗin ya zama 0.0804. Kuskuren da bai kai kashi 7 cikin ɗari ba ya koma kusan kashi 14.

In kana da maikiromita, wato na'urar auna kaurin siraran abubuwa, ka fara rufe ta ba komai a ciki ka ga ko tana nuna sifili. In ba ta nuna ba, ka rubuta bambancin ka riƙa cirewa ko ƙarawa. Ka auna wurare biyar ko shida a tsawon wayar, a kowane wuri ka juya ka sake aunawa ta ɗaya gefen, domin ba kowace waya ce kewayayyiya sak ba. Ka matse da ɗan maɓallin ƙarshe mai ƙara, kada ka murɗa jikinta da ƙarfi, jan ƙarfe yana da laushi, za ka lotsa shi. Sai ka ɗauki matsakaici.

In babu maikiromita, akwai dabara biyu. Ta farko: ka naɗe wayar a jikin fensir, zagaye na manne da zagaye, babu rata babu hawa kan juna, har zagaye 100. Ka auna tsawon naɗin da rula ka raba da 100. Waya mai 0.30 za ta ba ka milimita 30. Kada ka yi ƙyuiya ka tsaya a zagaye 20, domin rabin milimita da rula kan ɓatar zai yi maka illa sosai a gajeren naɗi. Kuma da guntun da ka ware za ka yi wannan, ba da wadda za ka ja ba, saboda wayar da aka lanƙwasa ta riga ta canza hali.

Ta biyu ta fi kyau in kana da sikeli mai karanta kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Santimita kubik ɗaya na jan ƙarfe giram 8.96 ne. Ka auna tsawon wayar duka da nauyinta, ka raba giram da abin da ka samu in ka ninka 8.96 da yawan mita. Amsar ita ce faɗin fuska a murabba'in milimita, ba ka ma bi ta kan kauri ba. Mita 10 na waya mai 0.30 za su yi giram 6.3 da 'yan kai.

Gargaɗi ɗaya: wayar da ake naɗin koyil da ita tana da fenti a jiki. Fentin yana ƙara kauri amma ba ya ɗaukar nauyin a-zo-a-gani. Ka kankare shi a hankali daga guntun da za ka auna, ko ka nemi waya tsirara. Wadda aka warware daga tsohon koyil kuma ba na ba da shawararta sai in babu yadda za a yi, domin lanƙwasarta ba ta fita duka.

5. Shimfiɗa wayar

Kana buƙatar dogon benci ko tebura da aka haɗa, waɗanda ba sa girgiza. A ƙarshe ɗaya, ka sa bakin wayar tsakanin katako biyun nan, ka matse su da teburin tamau. A ɗaya ƙarshen ka kafa fuli a bakin tebur, wayar ta bi ta tsaginsa ta sauka, ka ɗaura gorar a ƙasa. Ka bar wa gorar sarari mai yawa tsakaninta da kwalin tsumma.

Kada ka matse waya tsakanin ƙarfe da ƙarfe, zai cije ta ya raunana wurin, nan za ta tsinke. Kada kuma ka bari ta yi ƙulli wajen warwarewa. Ƙulli ɗaya ya isa a yar da waya a ɗauko wata.

Yanzu ka liƙa ɗan salatif a jikin wayar dab da inda ta fito daga katako. Wannan shi ne ɗan sandanka. A gwajina na farko na samu gigafaskal arba'in da wani abu, na yi ta sake lissafi ina zargin kalkuleta. Ashe wayar ce ke zamewa a hankali daga tsakanin katako, ni kuma ina rubuta zamewar a matsayin miƙewa. In salatif ɗin nan ya nisanci katako ko da ƙiris, ka tsaya, ka ƙara matsewa, ka faro daga farko. Naɗe bakin wayar sau biyu a jikin katako ɗaya kafin matsewa yana maganin wannan.

Ka zuba ruwa har gora da ruwanta su kai kusan giram 100. Wannan nauyin na miƙar da waya ne kawai, ba ya shiga lissafi. Daga nan ne sifilinka ya fara.

6. Shirya abin karanta miƙewa

Ga matsalar a fili: waya mai mita 3 da kaurin 0.30 tana ƙara kusan milimita 0.35 ne kacal a kowane giram 100. Rula kaɗai ba za ta iya ba. Shi ya sa muke son doguwar waya siririya, kuma shi ya sa za mu ƙara wa motsin girma.

Ka liƙa tsinken nan a gefen fuli kamar hannun agogo, ka kafa rula ko takarda mai zane a bayan bakinsa. In daga tsakiyar fuli zuwa cikin tsaginsa santimita 1 ne, tsinken kuma santimita 20 daga tsakiya, to kowane motsin waya zai ninka sau 20 a bakin tsinke. Milimita 0.35 ta zama 7, abin da ido ke gani ba wahala. Tsinken ya zama mara nauyi, kuma ya fi kyau ya fara a tsaye yana kallon sama ko ƙasa, don kada nauyinsa ya riƙa juya fulin.

Kada ka dogara da lissafin ninkin kawai, ka gwada shi. Kafin ka ɗora waya, ka bi da zare ta kan fulin da ɗan nauyi a ƙasa, ka ja zaren milimita 5 daidai a kan rula, ka ga nawa bakin tsinke ya tafi. Abin da ka samu a raba da 5 shi ne ninkinka na gaskiya.

Tsawon asali kuma, daga bakin katako ne zuwa saman fuli, inda wayar ta fara taɓa shi. Guntun da ke lilo a ƙasa ba ya ciki, domin miƙewarsa ba ta juya tsinke. Masu koyo da yawa kan auna wayar duka har ƙulli, sakamako ya hau sama ba dalili.

In ba ka son tsinke, ka liƙa tutar salatif a jikin waya kusa da fuli, rula a ƙarƙashinta, ka kafa wayar hannu a wuri ɗaya kana ɗaukar hoto bayan kowane ƙari, sannan ka buɗa hoton ka ƙiyasta. Yana aiki, amma bai kai tsinke ba. A nan tsawon asali daga katako ne zuwa tuta.

In fulin ne babu gaba ɗaya, kada ka maye gurbinsa da bututu mai santsi. Gogayyar waya da bututu tana cinye kaso mai yawa na nauyin, abin da ya isa ga wayar ba shi ne abin da ka rubuta ba. Gara ka rataye wayar a tsaye daga wuri mai tsayi, ka yi amfani da hoto. Sai dai abin da ka rataya a jikinsa ya zama mai ƙarfin gaske, in ba haka ba lotsawarsa za ta shiga awonka. A ɗakunan gwaji akan rataye waya biyu a wuri ɗaya, ɗaya ɗauke da ma'auni, ɗaya ana ja, yadda duk abin da ya taɓa su tare ba zai bayyana a karatu ba. Kayan gwajin Searle ke nan.

7. Ƙara nauyi, ka karanta

Ka riƙa zuba mililita 50 da sirinji. Bayan kowane zubi ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsa don fulin ya saki in ya cije, ka jira kamar rabin minti, sannan ka rubuta. Ka tsaya in abin da ka ƙara ya kai giram 300. Daga nan ka riƙa zuƙe ruwan da sirinji, 50 bayan 50, kana rubutawa har ka koma farko.

In tsinke ya dawo sifili ko dab da shi, ba ka wuce iyakar dawowa ba, wato iyakar jan da waya ke ɗauka ta koma tsawonta, awonka ya yi. In ya tsaya nesa, ko dai waya ta zame, ko ka yi mata yawa, ko lanƙwasa ce ta miƙe. Zagayen farko kusan kullum yakan bar ɗan saura saboda lanƙwasa, don haka ni ba na lissafi da shi. Nakan gyara sifili in yi zagaye biyu ko uku a bayansa.

Me ya sa 300? Jan ƙarfe mai laushi yana fara sakin jiki ne a wajejen megafaskal 70, wanda a wannan kauri ya kama kusan giram 500. Da na miƙarwa da na ƙari kana kan 400, ka ga da ɗan sarari. In wayarka ta fi haka kauri, ka sake lissafin da faɗinta.

Ka kula da zafi. Jan ƙarfe yana ƙara kusan kashi 17 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya na Salsiyas. A mita 3, milimita 0.05 ke nan. In rana ta faɗo kan wayar ta ɗumama ta da digiri 7, ta ba ka miƙewar giram 100 ba ka zuba ko ɗigo ba. Ka yi aikin a inuwa, nesa da taga, ka daina shafa wayar da hannu, kuma ka gama zagaye ɗaya cikin 'yan mintuna.

8. Lissafi

Ka raba kowane karatun tsinke da ninkinka don ka samu miƙewar gaskiya. Ga misali da lambobin da suka dace da irin wannan waya. Ƙarin giram 300 niyuton 2.94 ne. A raba da 0.0707, takura ta zama megafaskal 41.6. A ce bakin tsinke ya tafi milimita 21, ninki kuma 20, miƙewa ta zama 1.05. A raba da tsawon asali, milimita 3,000, miƙuwa ta zama 0.00035. Takura a raba da miƙuwa: kusan megafaskal 119,000, wato gigafaskal 119.

Lura da wannan 3,000. In ka raba milimita da mita, amsarka za ta kauce sau dubu. Duk wanda ya kawo mini 0.119 na san abin da ya yi tun kafin in duba takardarsa.

Kada ka tsaya a ɗigo ɗaya. Ka zana takura a tsaye, miƙuwa a kwance, ka ja layin da ya ratsa tsakiyar ɗigogin, wasu a samansa wasu a ƙasansa, ba wanda ke bin su ɗaya bayan ɗaya kamar hanyar tururuwa ba. Ka ɗauki wurare biyu masu nisa a kan layin ka fitar da hawansa. Shi ne E.

Da kayan hannu, duk abin da ya faɗa tsakanin 100 da 135 aiki ne mai kyau. In ya yi ƙasa sosai, ka zargi zamewa, lanƙwasa, fentin da ba a cire ba, ko wuce iyaka. In ya yi sama sosai, ka zargi fuli mai cijewa ko tsawon da aka auna fiye da kima. Kuma kada ka gyara lamba don ta yi kama da ta littafi. Wanda ya samu 95 ya gano dalili ya fi wanda ya rubuta 120 ta hanyar sata sanin aikin.

9. Ja ta har ta tsinke

Wannan ne ɓangaren da na fi so, kuma a nan tabarau ya zama dole. Cire tsinke, domin motsin zai fi ƙarfinsa, ka koma tutar salatif da rula. Ci gaba da zuba ruwa giram 100 bayan 100. Za ka buƙaci gora mai lita 2.

Wani wuri bayan rabin kilo za ka ga abin ya sauya. Ƙarin da ɗazu ke ba da sulusin milimita yanzu yana ba da milimita da yawa, can gaba santimita. Ka tsaya ka zuba ido: tutar tana tafiya a hankali alhali ba ka ƙara komai ba. In ka ɗaga gorar da hannu, wayar za ta dawo ɗan kaɗan ne kawai, sauran ya zauna ke nan har abada. A cikin ƙarfen, da farko ƙwayoyin zarra nisanta kawai suke yi da juna su koma, yanzu kuwa layi-layinsu ne ke zamewa a kan juna, kuma wanda ya zame ba ya komawa.

Waya mai laushi mai wannan kauri takan tsinke a wajejen kilo ɗaya da rabi, bayan ta ƙara tsawon da zai ba ka mamaki. In gora ta kusa taɓa kwali kafin nan, ka sauke ta ka ɗaure ta a sama. Bayan ta tsinke, ka duba bakin da gilashin ƙara girma: ya sirance kamar wuya kafin ya rabu. Ka lanƙwasa guntun da aka ja da wanda ba a ja ba, za ka ji na farkon ya fi gardama. Ja ya ƙara masa ƙarfin jure lanƙwasa, ya rage masa laushi, amma in ka sake auna E ɗinsa za ka same shi kusan inda yake.

Wannan bambanci ne da ke rikita mutane. Tauri daban, ƙarfi daban. E yana faɗin yadda abu ke ƙin miƙewa, iyakar dawowa kuma tana faɗin nawa zai ɗauka kafin ya lalace. Baƙin ƙarfe na gama-gari yana sakin jiki a wajejen megafaskal 250, wayar ƙarfe da ake yin sifirin da ita kuwa tana jure ninkin haka sau da yawa, amma dukansu E ɗinsu na nan kusa da 200. Mai zanen gada yana duba na farko don kada ta lotsa fiye da kima, yana duba na biyu don kada ta lanƙwashe, kuma ba ya barin nauyin aiki ya matso kusa da iyakar.

In wayar jan ƙarfe ta gagara samuwa

Zaren kamun kifi na nailan zai yi, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. E ɗin nailan 'yan gigafaskal ne kawai, wajejen 2 zuwa 4, don haka mita ɗaya mai kaurin 0.30 za ta ba ka milimita da dama a kowane giram 100. Ba fuli, ba tsinke, rataya shi kawai a tsaye kusa da rula. Aibinsa shi ne ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana ci gaba da jan jiki muddin nauyi na kansa, laimar iska ma tana canza shi. Ka sa wa kanka ƙa'ida: karatu bayan daƙiƙa 30 daidai da ɗora kowane nauyi, da agogo a hannu, kuma ka rubuta wannan ƙa'idar a gefen sakamakonka. Ka yi alama biyu da alƙalami a jikin zaren, nesa da ƙulli na sama da na ƙasa, ka riƙa auna tazarar da ke tsakaninsu, domin ƙullin nailan yana ƙara matsewa da nauyi, kuma duk abin da ya saki zai shiga awonka in daga ƙusa kake aunawa.